Kafen Habasha a turmin yaji

Mushen Bilbis: Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da hutun Lahadi. Ƙara na kawo, ku raba ni da ƴan fadarmu. Ƙanena ya je taro Adis Ababa, ya dawo mini da tsaraba: rabin kilo na ƴaƴan kafe ɗanye da wani ɗan tulun baƙar ƙasa mai dogon wuya da suke ce wa jabana. Ya kwatanta mini yadda ya ga ana yi. Jiya bayan la'asar na hura gawayi, na zuba tafi biyu a kasko ina juyawa. Da fari warin ɗanyar ciyawa yake, can sai ya yi ja, ya fara ƙas-ƙas kamar gugguru, maiƙo ya fito masa. Wallahi har maƙwabciya sai da ta leƙo ta katanga. Aka daka, na dafa, na bari ya kwanta, na ɗauka da kaina na kai fada kamar mai kai kayan aure.

Na farko ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dube ni ya ce, "Mushe, wa ke ba lafiya?" Na biyu ya aiki yaro kanti ya sayo madara, ya jefa sukari ƙwaya shida. Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai, ya ajiye finjali ya ce an cuci ƙanena, wannan ba kafe ba ne, na gaskiya shi ne na gwangwani. Daga nan ya ciro goro daga aljihu ya ɓare ya jefa baki, wai ya kashe ɗaci. Goro fa, jama'a! Bakin ƴan Tawa ne ya lalace ko nawa?

Bagobirin Madawa: Naka ne, Mushe. An gama shari'a, a tashi.

Maman Biyu: Ni dai "wa ke ba lafiya" ɗin nan ce ta kashe ni da dariya. Allah ya ba ka haƙuri, Mushe.

Mai Shayin Tasha: Wa alaikumus salam. Malam, ni sana'ata ce, bari in faɗa maka abin da idona ya gani a tebur. Mutanenmu ba kafe suke sha ba, madara suke sha. In mutum ya ce a haɗa masa kafe ole, madarar gwangwani mai kauri cokali uku nake sa wa, Nescafé kuwa ɗan bakin cokali, don dai ruwan ya canja launi. In na ƙara ko kaɗan sai ya ce na ɓata masa. Ya haɗa da rabin burodi da wainar ƙwai, ya tashi ya ce ya sha kafe. Masu shan baƙi su ne direbobin dare masu nufar Agadas da ƴan dako, su ma sai na yi ta juya shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa, sukari kuma sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Kai kuma ka kai musu abu ba madara ba sukari. Ko ni da na yi haka, da tebur ya daɗe da mutuwa.

Mushen Bilbis: Na sa sukari fa, ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Mai Shayin Tasha: Ƙwaya ɗaya ai gaisuwa ce.

Tsohon Ɗan Abijan: Mushe, ɗana, yi haƙuri da su. Wancan da yac ce na gwangwani shi na kafen gaskiya, ni ba ni yi mai dariya, don ni ma hakanan nike. Ni da kaka gani, kahin in kama tebur Ajame, wata unguwa ta Abijan, damina ukku niy yi cikin gonar kafe wajen Daluwa. Da hannuna nit tsinke shi. Icce na wanda bai kai gwanda tsawo ba, ɗiyan su yi ja awa kanya in ta nuna. Akwai wasu jajayen tururuwa da ka ɗinke ganye su yi gida bisa, in ka kama reshe su zubo ma cikin riga, wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi yam. Mu shanya bisa siminti, mu yi ta motsawa har ya bushe shina kacau-kacau, a ɗure buhu, mota ta zaka ta kwashe. To cikin shekarun nan ukku ko sau guda ban ga mai gonar ya soya abin nan ya sha ba. Da sahe gwangwanin Nescafé shika buɗewa awa kowa. Kafenai ya tahi Abijan, injin ya dahwa shi, ya busar, ya komo mai cikin gwangwani da tsada. In mai gona bai san ɗanɗanon abin gonatai ba, ɗan Bilbis za ka kama da laihi?

Mushen Bilbis: Baba, wannan ban taɓa ji ba. Ashe a Abijan ake yin na gwangwanin?

Tsohon Ɗan Abijan: Kamfanin na da masana'anta can. Kuma irin nasu daban na da wanda ƙanenka ya kawo. Na Kodibuwa robusta aka ce mai, ya hi ɗaci, ya hi bugu. Can shekarun 1970 ƙasar ita ta ukku duniya wajen kafe, kahin koko ya danne komi. Ɗiyan Ader nawa sunka ci abinci cikin gonakin nan, Allah kaɗai ya sani.

Ɗan Liyon: Baba ya faɗi daidai. Na Habasha arabika ne, kuma can ne asalinsa. Robusta ya kusa ninka shi a sinadarin da ke hana barci, amma arabika ya fi ƙamshi, yana da ɗan tsami-tsami kamar na ƴaƴan itace. Na gwangwani kuwa kafe ne da aka riga aka dafa a tukwanen masana'anta, aka fesa ruwan cikin iska mai zafi ya zama gari. A 1938 aka fara sayar da Nescafé a Suwizalan. Kamar a kwatanta madarar gari da nonon da aka tatso yanzu ne. Gaskiya mu a gida ba mu san kafe ba. Na taɓa tsallakawa Turin ta Italiya, a tsaye suke sha a bakin kanta, ɗan kofin bai wuce kurɓi biyu ba, inji ya matso shi da ƙarfi cikin rabin minti. Mai madara kuwa na safe ne, in ka nema bayan abincin rana sai a gane baƙo ne kai.

Bagobirin Madawa: "Mu a gida ba mu san kafe ba." To sannu, Bature. Shekara huɗu kacal, har hura ta fara yi maka wari? Kurɓi biyu a tsaye kamar mai shan maganin tari, wannan shi ne wayewar?

Ɗan Liyon: Ban ce wayewa ba. Na ce ba mu san shi ba, kuma ba mu san shi ba ɗin. Ai ba ya fita a ƙasarmu.

Bagobirin Madawa: Su kuma sun san kilishin Madawa? Sun san albasar Galmi? Je ka gaya musu su ma ba su san komai ba.

Mai Gidan Zaure: A yi a hankali. Maganar kafe ake, ba a taɓa mutuncin kowa.

Hajiya Mai Cuku: Ku bar faɗa, ƴaƴana, in ba ku labarin kunyar da na sha. Shekarar da na sauke farali, wata Balarabiya a Madina ta gayyace mu gidanta, mu uku. Aka kawo wata buta mai dogon baki kamar na tsuntsu, aka tsiyayo mana wani ruwa rawaya-rawaya a ƙasan finjali, ko rabi bai kai ba. Na ce a raina, wannan mata da rowa take. Na kurɓa, ba sukari ko ɗis, sai ƙamshin wani ɗan ƙwaya da suke kira hel. Na daure na shanye don kar in ba da kunya, na miƙa finjali. Sai yarinyar ta ƙara. Na shanye, na miƙa, ta ƙara. Sai da na sha bakwai, cikina na ƙugi, kafin wata ƴar Sudan da ke kusa ta raɗa mini cewa in ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi. Kuma dabinon da aka ajiye gabanmu, wanda nake ta jin nauyin taɓawa, ashe shi ne sukarin. Ka gutsuri dabino, ka kurɓi gahawa. Cika finjali kuwa a wurinsu kamar ka ce wa baƙo sha ka tafi ne. Abin da na kira rowa ashe girmamawa ce. Daren nan ban runtsa ba, na ce to Allah ya so in yi nafila.

Maman Biyu: Hajiya, bakwai! Allah ya karɓi ibada.

Mushen Bilbis: Hajiya, kin ga ke kin daure kin shanye. Abin da nake nema a wurin ƴan fadarmu ke nan. Ba dole ya yi maka daɗi ba, amma mutum ya ɓata yammacinsa yana suya, ka ce masa wa ke ba lafiya?

Uwargidan Mushe: Assalamu alaikum. Na yi shiru tun ɗazu ina karantawa, amma tunda abin ya kai ga shari'a, gara in faɗi gaskiya kar a zalunci bayin Allah. Malam, ka ce a daka maka maza-maza kafin ya huce. Babban turmi akwai geron hura a ciki. A ƙaramin na daka. Turmin yaji. Shekaranjiya na daka yajin jegon ƙanwata a ciki, kimba da citta da masoro da barkono. Na goge da tsumma, amma ban wanke ba.

Bagobirin Madawa: Allahu akbar! Ashe yajin jego aka ba ƴan fada! To Mushe, wa ya haihu?

Mushen Bilbis: Maman yara, kuma kika bar ni na zo nan ina ta kumfar baki?

Uwargidan Mushe: Ai ka sha ka ce haka na Habasha yake, har kana lumshe ido. Ni wa ce da zan musa wa malami?

Mai Shayin Tasha: Yau zaure ya biya kuɗin intanet ɗina.

Ɗalibar Dakar: Ku tsaya da dariyar, Anti ba ta yi ɓarna ba, kafe Tuba ta yi ba ta sani ba. Nan Senigal abin da ake sha ke nan a kowace kusurwa. Tare ake soya kafen da wani abu da suke kira jar, wani lokaci da kanumfari, a niƙa, a tace a ƙyalle. Watana uku ina sha ina cewa wannan ƙamshin na san shi, sai ranar da na ga jar ɗin a kasuwa. Kimba ce! Kimbarmu ta kunun mai jego. Ƴan ɗariƙar Muridiyya ne suka yaɗa shi, sunan ma na birninsu ne, Tuba. Suna danganta shi da Shehu Ahmadu Bamba, wanda Faransawa suka kai gudun dole Gabon a 1895 ya dawo a 1902. Lokacin Magal, babban taronsu na shekara, kyauta ake rabawa, ka sha har ka gaji. Yana ɗan kama maƙogwaro, yana ɗumama ƙirji. Ranar farko na ce magani ne, kamar dai ɗan fadarku. Yanzu in ban sha ba kafin lacca, ba na gane abin da ake faɗa.

Mushen Bilbis: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni. Ashe gidana gaba yake da zamani.

Ɗalibar Dakar: Amma ban da barkono, Yaya. Wannan kam ku kuka ƙirƙiro.

Ɗan Azawak: Ni daga Abalak nake bin ku. Tambayar Mushe ta farko ba a amsa ba: me ya sa mai cin goro ke gudun ɗacin kafe? Ku zo ku sha shayinmu na farko, wanda aka bari ya tafasa har ya yi baƙi. Ya fi kowane kafe ɗaci, amma ba wanda ke tofarwa, don ya san na biyu na tafe, na uku na tafe, kuma tsakaninsu akwai hira. Kai Mushe ka dafa a gida ka kawo a gama. Ba su ga wuta ba, ba su ji ƙamshin suya ba, ba su jira ba. Ni a ganina da a gabansu ka soya, da rabin ɗacin ya tafi. Wanda ya yi awa guda yana kallon buta ba ya raina abin da ya fito daga cikinta.

Mushen Bilbis: Ka taɓo wani abu. Ƙanena ya ce can Habasha ma haka ake. Mace ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa, ta sa turaren wuta, ta soya a gaban baƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Kuma zagaye uku ne kamar namu, na ƙarshen ma baraka suke ce masa. Da gugguru ake sha. Ya ce a wasu ƙauyuka gishiri suke sa wa maimakon sukari, wasu har man shanu.

Bagobirin Madawa: Gishiri da man shanu? Saura daddawa a zuba tuwo.

Ɗan Azawak: Kuma kar mu cika baki da "namu". Ganyen shayin nan daga Sin yake zuwa, duba kwalin. Ta Maroko ya shigo Sahara, bai fi ƙarni biyu ba. Kakannin kakanninmu nonon raƙumi suka sani. Yau in ka ce wa Buzu shayi baƙo ne sai ya zare takobi.

Ƴar Harobanda: Buzu dai ko gidansa na cin wuta sai ya gama na uku. Ina gaisuwa, bawana.

Ɗan Azawak: Zabarmawa sun iso. Uwar ɗakina, an gama cin ganyen? Awakinmu na jiran saura.

Ƴar Harobanda: Kopto ya fi ƙarfinka. Zogale da ƙuli da albasa, a zuba kan dambu, ba irin burodinku da ake tonowa daga cikin toka ba. Amma da gaske, lokacin da aka kawo ni aure Tawa kuka na yi ta yi saboda hura. Safe hura, rana hura, in baƙo ya zo hura. Na ce mutanen nan ba su da haƙora ne? Yanzu shekara tara, in na je Yamai kwana uku sai in fara neman mai dama mini. Uwata ta ce an sauya mata ɗiya.

Tsohon Ɗan Abijan: Ɗiyata, kin tuna man. Ran da nis sauka Abijan anka aza man aceke gabana, nis shinshina, nic ce wanga garin rogo ya lalace, tsami shikai. Kwana biyu burodi da ruwa nika ci. To wa ka saida garba Abijan yau? Mu na. Aceke da soyayyen kihin teku da tonka da albasa, ɗiyan Nijar sunka kama sana'ar har abincin ya ɗauki sunan Garba. Mutanen ƙasar na layi gaban Bahaushe shi saida musu abincin kakanninsu. Amma katantanwa kam, Allah ya gani, shekara goma sha tara ban iya ba. Maƙwabcina Baule shi ko in ya ga ina cin hwara sai ya tashi ya bar wurin.

Maman Biyu: Fara da yaji! Baba, ai wanda bai ci ba an bar shi a baya. Ni damuwata ma yaran yanzu ce. Nawa biyun in na yi tuwon gero miyar kuka sai su ce ba su jin yunwa, in an dafa makaroni ko shinkafa har da neman ƙari. Uwata da ta zo daga ƙauye ta ga ana zuba mayonez a kan wake, ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Ɗan Liyon: Ni ma bari in faɗi nawa, kar a ce kullum yabon Turawa nake. Akwai wani cukunsu mai shuɗin rima a ciki, da gangan ake barin ta tsiro. Abokin aikina ya kawo, na buɗe na rufe, na ce mushe ne. Afuwan, Mushe, ba kai ba. Bayan sati biyu na dafa miya da daddawar batso da aka aiko mini daga gida. Maƙwabciyata ta buga ƙofa, da gaske take, wai ko wani abu ya mutu a bututun ruwa. Na tsaya riƙe da ludayi na rasa abin faɗa, don ni a lokacin ƙamshin ɗakin uwata nake ji.

Bagobirin Madawa: Yawwa, yanzu ka dawo ɗan gida. Na yafe maka.

Hajiya Mai Cuku: Cuku har da rima? Nawa in ya yi haka ai awaki zan ba. A shanya shi a tabarma ya bushe ƙamas, a daka cikin hura ko a ci da shayi, shi ne cuku.

Direban Sabha: Ina kan hanya, a gurguje. Libiya sun haɗa biyun. Shayinsu mai kumfa ne, a zagayen ƙarshe su zuba soyayyar gyaɗa a ciki, ka sha ka tauna. Kafe kuma irin na Italiya, makiyato, don Italiya ta mallake su tun 1911. Har taliya suka bar musu. Na fi shekara ina ƙin gyaɗa cikin shayi, yanzu ni ke sa wa a Tawa ana ce mini mahaukaci.

Malam Na Bakin Kasuwa: Assalamu alaikum. Na ga ana ta raha, bari in sa baki kaɗan. Abin da kuke faɗa ya zo a hadisi ingantacce. An kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne. Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓa ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Kuma an ruwaito bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Saboda haka ɗan fadar da bai iya sha ba bai yi laifi ba. Inda ya zame shi ne da ya ce ba kafe ba ne, an cuci mai tsaraba.

Ita gahawar ma ta sha shari'a kafin taku. Sufayen Yaman ne suka fara yaɗa ta, suna sha don su raya dare da zikiri. A 1511 hakimin Makka ya tara malamai aka hana ta, daga baya aka janye hanin. Yau ga shi da ita ake tarbar alhazai.

Bagobirin Madawa: Allah gafarta Malam, to hukuncin wanda ya ba mutane yajin jego ba su sani ba fa?

Malam Na Bakin Kasuwa: Wannan sai a tambayi mai turmi.

Majo Mai Allura: Ni ɗacin bai dame ni ba, ƙwaya shidan nan ce ta tsaya mini. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, in ya yi rabin haka ma ya fi. Ƙwaya shida a finjali ɗaya ta riga ta cinye fiye da rabi, ga shayi zagaye uku na jira da dare. Masu ciwon sukari da hawan jini da muke gani yanzu ba tsofaffi kaɗai ba ne. Mai ciki kuma ta rage kafe da shayi mai ƙarfi, kuma kar ta sha su daf da cin abinci, suna rage ƙarfen da jiki ke ɗauka, ga ƙarancin jini dama ya yi mana yawa. Sai abu na ƙarshe, Mai Shayi kar ka ji haushi: matasan da ke jefa tramol cikin baƙin kafe don su yi aiki ba gajiya, muna karɓarsu suna farfaɗiya.

Mai Shayin Tasha: Majo, ba haushi. A teburina ba a yi, wanda na gani ya ɓare ƙwaya ba na sake ba shi kofi. Amma maganar rage sukari, ki zo ki faɗa musu da bakinki, ni ina da iyali.

Tsohon Ɗan Abijan: Sukarin ga ma sabo na. Sanda anka karya darajar sefa, Janairun 1994, kuɗin madara da sukari sunka tashi, mu duka Ajame munka koma shan kafe da ƙwaya guda. Wata guda muna zagi, daga baya munka saba. Da kuɗi sunka samu kuma munka koma gidan jiya.

Mushen Bilbis: To na ji. Ƴan fada ba su kyauta ba, ni ma ban san abin da na ba su ba. Saura wajen giram 400. Juma'a bayan la'asar zan kawo kasko da gawayi fada, a soya a gaban kowa kamar yadda Ɗan Azawak ya ce. Buta biyu za a yi, ɗaya zalla, ɗaya da kimba. Hajiya, a taimaka da dabino. Mai Shayi, kai ne alƙali.

Mai Shayin Tasha: Zan zo, amma da gwangwanin madarata a aljihu, saboda tsaro.

Ɗalibar Dakar: Yaya, kimbar kaɗan fa, kamar kashi ɗaya cikin goma, kuma a soya ta tukuna. A ɗauko mana hoton fuskar mai goron nan.

Hajiya Mai Cuku: Dabino na kaina. Wanda ya ƙoshi ya girgiza finjali, kar a ce ban faɗa ba.

Uwargidan Mushe: Malam, kafin ka yi alkawarin giram 400, ka duba ledar. Baba ya aiko da safe, ya ji labarin maganin da ka kai fada, wai a ɗiba masa na sanyin ƙashi. Na ba yaron tafi uku. Kuma kaskon da ka soya a ciki na masa ne, yau duk masar gidan nan ɗaci take, yara sun ƙi ci. Juma'a ka nemi naka.